Sunan da Rauta Ta Zo da Shi

Da safe aka buɗe ɗan akwatin bangon da ke ƙarƙashin matakala, aka tarar babu komai a ciki sai igiyar wuta tana reto. Rautar da mutanen benen suka haɗu suka saya, wadda ke raba wa kowa intanet kuma take riƙe da kyamarar ƙofar shiga, ta yi ƙafa. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a lanƙwasa ƙarfe ba. Kafin rana ta yi tsaka, gida mai hawa huɗu ya gama shari'arsa: mabuɗi a hannun mai gadi yake, saboda haka mai gadi ne. Aka ba shi zuwa ƙarshen mako ya fito da ita, ko kuma ya kwashe nasa ya nasa daga ɗakin da ke bayan matakala, shi da matarsa.

Ni ban san ana yi ba sai da matar mai gadin ta zo shagona, ana jibi wa'adin zai cika. Gyaran waya nake yi da haɗa wa mutane waifai, amma sunan da ya bi ni shi ne Mai Sawu, don idan abu yana fitar da sabis, to ko a cikin katifa aka cusa shi zan bi shi har bakin gado. Ta tsaya a ƙofa ta ƙi zama, tana ta murza bakin mayafinta.

"'Yata, ke kika saka musu abin nan da hannunki," in ji ta. "Ki zo ki duba. In mu ne, ki faɗa a gaban kowa, ba zan ji haushinki ba. Amma tsohon nan ko allura bai taɓa ɗauka ba, kuma ba mu da inda za mu."

"Inna, wa ya yanke hukuncin?"

"Dukansu. Yayanki ne dai ya karanta mana."

Yayana ne shugaban mazauna benen. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini kayan aikina na farko a lokacin da dangi ke cewa mace da sukurdireba ai abin dariya ne. Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na kira shi nan take.

"Kar ki wahalar da kanki," ya ce. "Maganar ta ƙare. Ina ofis yanzu, ma yi magana."

Da ya ce mini in je in duba, mai yiwuwa da na yi kasala. Amma ni Allah ya yi ni da ƙwaƙwa, a ce mini bari, to ranar zan fara. Da la'asar na ja shago, na jefa tsohuwar wayar aikina mai fasasshen gilashi a jaka, na tafi.

*

Mai gadi yana zaune a kan kujerar robarsa, hula a gwiwa. Ta ƙofar ɗakinsu na hango ƙunshin kaya an fara ɗaurewa, tukwane a cikin bokiti, katifa an naɗe ta da igiya.

"Baba, mabuɗin yana barin jikinka?"

"Ko wanka zan shiga da shi nake shiga."

"Babu wani?"

"Akwai na Shugaba. Ya ce ya ɓata tun bara."

"To da rana, idan mutane sun watse aiki, wa ke shige da fice?"

Nan ya fara duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce mai kawo gas. Ya ce masu kwashe shara. Na ce cikin mutanen gidan fa? Ya juya hula, ya sake juya ta.

"Ni aikina buɗe ƙofa ne, 'yata. Ba ni aka ɗauka ƙirga mutane ba."

Gaskiya raina ya ɗan sosu. Mutum ana shirin watsa masa kaya a titi, amma yana yi mini rowar magana. Na ce a zuciyata ko dai benen yana da gaskiya ne, kuma ni aka kawo in wanke mai laifi. Na nemi izini na shiga ɗakin. Ban taɓa komai ba, don kunyar buɗe wa tsohuwa ƙunshi ta fi ƙarfina. Wayata kawai na ɗaga.

A nan sai in yi ɗan bayani. Kowace rauta daga kamfani take zuwa da sunanta, haruffa biyu ko uku da wasu lambobi, an buga shi a takardar da ke manne a gindinta tare da lambar sirri. Mai hankali yakan canza. Yawancin mutane ba sa canzawa, har su mutu. Shi ya sa in ka tsaya a kowane titi ka buɗe waya, sai ka ga sunaye sun yi jere kamar 'ya'yan uwa ɗaya, ba ka bambance su sai ta wutsiya. Ta benen nan ni na raɗa mata Gidanmu ranar da na saka ta. Kuma irin mai layi a ciki ce, duk inda aka jona mata wuta za ta yi aiki.

Gidanmu babu shi a waya. Amma akwai wani sunan kamfani ɗaya da ya cika sandunan sabis ɗinsa taf a cikin ɗakin mai gadi, kamar a ƙarƙashin gado yake.

"Ah to," aka ce daga bayana. "Ke ma kin gani ko?"

Wata mata ce ta hawa na biyu da ake kira Nas, da silifas da kofin shayi a hannu. Ita ta fara gano wannan sunan, kuma da shi aka ƙarasa ɗaure mai gadi. Ta ce ai a bayyane yake, ya canza wa abin suna ya ɓoye shi a ɗaki. Sun bincika ba su gani ba, amma wa ya san ramin da ya haƙa?

Na bi bango da waya. Sabis ɗin ya fi ƙarfi a jikin bangon gabas, sama da kan gadon. Na fita waje na zagaya. Bayan wannan bangon shagon mai aski ne.

*

Mai aski yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska. Na tambaye shi rautarsa, ya nuna da almakashi. Tana can a saman kanta, ƙura ta yi mata rawani, an jingine ta da bangon mai gadi. Na juya gindinta. Sunan da ke takardar shi ne wanda Nas ta gani, harafi da harafi.

"Maigida, shekara nawa kana da wannan ba ka canza mata suna ba?"

"A'a, dama ana canzawa? Ni na ɗauka kamar lambar mota ce."

"Kuma duk wanda ya zo aski sai ya juya ta ya karanta lambar sirri."

"Shi ya sa yaran layin nan suke son zaman benci na," ya ce, yana dariya. Sai kuma ya rage murya. "Amma tsohon nan ba ɓarawo ba ne, Mai Sawu. In kina neman ɓarawo, ki tambayi Nas. Ita kaɗai ke wuni a gida, kuma ba ta ga maciji da matar mai gadi tun rigimar igiyar shanya."

Na koma na gaya wa Nas cewa shaidarta ta mai aski ce. Ba ta ji daɗi ba, amma ba ta sauko ba. Na ce to tunda haka ne, bari in leƙa nata ɗakin ita ma. Ta buɗe ƙofa har bango, ta ce in shiga har banɗaki. Babu komai sai wata tsohuwar rauta da ta mutu tuntuni, ta mai da ita abin danne labule.

"Ni me zan yi da satar abin da na fi kowa morewa?" ta ce. "Kin san tun da kyamarar nan ta mutu ban san me ke faruwa a gidan nan ba? Da ina kwance nake ganin kowa a wayata. Wa ya shigo da baƙuwa, wa ya fita da kwandon shara a rigar barci. Har Yayanki na kama."

"Kika kama shi da me?"

"Wasa nake. Na gan shi ne ya dawo da hantsi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na tare shi a matakala na ce Shugaba, ko ofishin ya dawo hawa na huɗu ne? Ya ce takardu ya manta. Na ce to wannan mantuwa taka sai an kai ta asibiti." Ta kurɓi shayi. "Bai yi dariya ba ma. Kin san shi da ɗaure fuska."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na saka ta a aljihu dai, kamar yadda nake yi da ƙananan sukurorin da ban san inda suka fito ba.

*

Abin da ya rage shi ne in taka benen hawa-hawa. Ban sa rai da komai ba. Ɓarawo mai hankali da tuni ya kai ta kasuwa. Na fito da tsohuwar wayar aiki, don ta fi sabuwar jin sabis, na fara hawa. A kowane hawa sunaye suna shigowa suna fita, na maƙwabta, na shagunan ƙasa, na benen da ke fuskantar wannan, rabinsu duk sunayen kamfani. Mutum zai iya ɓoye rauta goma a cikin wannan taron ba wanda ya lura.

Ina tsakanin hawa na uku da na huɗu wayar ta yi ɗan ƙara a hannuna.

Na duba. Ta haɗu da wani suna da kanta, ba ta tambaye ni lambar sirri ba. NW-3C81.

Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Waya ba ta shiga gidan da ba ta sani ba. Wannan wayar da ita nake buɗe kowace sabuwar rauta kafin in canza mata suna, kuma ban taɓa goge ko ɗaya ba, don lalaci. Idan ta gane wannan sunan, to hannuna ya taɓa wannan na'urar tana sabuwa fil. A duk layin nan guda ɗaya na taɓa sakawa. Wanda ya ɗauke ta ya sa allura a ɗan ramin bayanta ya danna, yana ganin ya wanke ta tas, ta zama ba ta kowa ba. Bai sani ba, abin da ya yi shi ne mai da ta ranar da aka haife ta, da sunanta na farko da lambarta ta farko. Ni kuwa ina wurin a ranar.

Sanda biyu. Na ƙara taki, ta zama uku. A hawa na huɗu ƙofofi biyu ne. Na nufi ta hagu, wadda masu ita suka yi tafiya, ina roƙon Allah a zuciyata. Sandar ta ragu. Na juyo ta dama, ta cika.

Ƙofar Yaya ce. Na san ta har da inda fentin ya ɓare.

Na daɗe a tsaye. Da zan iya sauka in ce wa Inna ban ga komai ba, wallahi a lokacin da na so. Sai ƙofar ta buɗe da kanta, matar Yaya ta fito da tsintsiya, ba ta ko cire kayan makarantar da take koyarwa ba.

"Lale da ƙanwata. Kin zo kika tsaya a waje kamar mai tallar magani? Shigo."

"Anti, aiki ne ya kawo ni benen."

"Na ji. Abin tausayi, tsohon nan. Ni dai ban so a kore su ba, amma Yayanki ya ce in aka ƙyale wannan gobe mota za a ɗauka." Ta ja ni falo. "Mu kam Allah ya rufa mana asiri. Kin san yadda nake mita sabis ba ya isowa nan sama? Ashe ya saya mana tamu ya ɓoye a saman kabad, wai sai ƙarshen wata zai nuna mini. Ina kakkaɓe ƙura na ci karo da ita. Ki ga yadda ya rikice, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya."

Rautar tana kan teburin talabijin, an shimfiɗa mata ɗan kyalle mai ado. Na ɗaga ta kamar mai yaba kaya. An kankare takardar gindinta da wuƙa, sai ɗan danƙo ya rage.

"Mai kyau ce ko?" in ji Anti.

"Mai kyau ce."

Ta kawo mini ruwa. Kunya ce ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba ko a kan laifin kaina. Na ce mata ana jirana a shago.

*

A ƙasa na tsuguna kusa da kujerar mai gadi.

"Baba, Yaya yana dawowa gida da rana. Ba tambayarka nake ba."



"Shi ya kawo ni aikin nan," ya ce. "Lokacin da ƙafar nan ta hana ni dako, shi ya tsaya mini. Mutum ya fita da jaka da safe, matarsa ta fita, ya dawo ya rufe ƙofa, ya sake fita kafin ta dawo. Wannan ba maganar da za ta fito daga bakina ba ce. Ban ga ya ɗauki komai ba, kuma ba zan ce na gani ba."

"Ko da za a fitar da kai?"

"Allah na nan."

Na ji haushin wannan amsar, na kuma ji kunyarta. Na tambaye shi ta ina Yaya ke ɓullowa da yamma, ya nuna kwanar tashar bas da haɓa.

Na same shi a can. Yana zaune a ƙarshen benci, rigarsa a goge, jakar ofis a kan cinya ya dafe ta da hannu biyu. Na laɓe bayan rumfar mai jarida ina kallon yayana. Bas ta zo ta wuce, bai motsa ba. Ya duba agogo. Wata ta zo, ma'aikata suka zubo, sai ya miƙe ya karkaɗe wando, ya shiga cikinsu yana tafiya irin ta wanda ya gaji da aiki. Da na san abin da zan gani ke nan, da na jira shi a gida.

"Yaya."

Ya juyo, ya ga fuskata, ya ga wayar da ke hannuna. Bai tambaye ni komai ba. Muka koma bencin muka zauna, kowa yana kallon titi.

"An rage ma'aikata," ya ce daga baya. "Tun kafin ruwan sama ya ɗauke. Na ce in na samu wani sai in gaya mata gaba ɗaya. Kullum gobe. Sai ga Nas da kallon kyamararta. Na ce in cire abin kwana biyu kawai, a ɗauka lalacewa ya yi. Ban yi tunanin za a buɗe akwatin ba. Da aka buɗe, kowa ya kalle ni, ni ne Shugaba." Ya shafa fuska. "Ban ce shi ne ba. Su suka ce."

"Amma kai ka karanta."

"Ni na karanta."

"Ka mai da ita, Yaya."

"In ce wa Antinki me? Kyautar da na ba ta ta tashi sama? Ki bari tsohon ya tafi, zan nema masa wani wuri. Na rantse zan nema masa."

"Kai da kake nema wa kanka?"

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Na ga ta shige shi, kuma ni ma ta yanke ni. Na ce masa zan zo taron da za a yi ranar wa'adi. Na ce ba zan kira sunansa ba, amma ba zan bar kowa ya tashi yana ganin mai gadi ɓarawo ne ba. Sauran ya rage nasa.

"Ni na riƙe ki," ya ce, a hankali.

"Na sani. Shi ya sa na fara zuwa wurinka."

*

Ranar wa'adi da yamma aka jera kujeru a farfajiyar shiga. Mutanen benen suka sauko, har mai aski ya bar wani da rabin kai ya leƙo. An fito da kayan mai gadi an tara a gindin matakala, katifa a sama. Shi yana tsaye a jikin ƙofa, Inna tana zaune a kan ƙunshi. Yaya yana kujerar tsakiya, Anti a gefensa. Na ba shi lokaci. Ya yi sallama, ya gode wa kowa da zuwa, ya ce an san abin da ya tara mu. Daga nan ya koma kallon hannuwansa.

Na miƙe.

Na fara da sunan da Nas ta gani, na ce na mai aski ne, kowa na iya zuwa ya juya gindin rautarsa ya karanta, dama rabin layin sun riga sun karanta. Aka ɗan yi dariya. Na ce na duba ɗakin Nas, ita ma babu. Sannan na yi musu bayanin ɗan ramin da ake dannawa da allura, da yadda yake mai da na'ura sunanta na kamfani, da yadda tsohuwar wayata ta gane ta.

"Rautarku ba ta bar gidan nan ba," na ce. "Tana aiki yanzu haka. Kuma ba a ƙasa take ba. Daga ɗakin Baba ko ƙamshinta ba a ji. Ba shi ya ɗauka ba."

"To wa?" in ji Nas. "Ba za ki kawo mu bakin ƙofa ki ce mu koma ba. Faɗi sunan."

"Sunan rautar zan faɗa. NW-3C81."

Kowa ya zaro waya, ana ta dube-dube, ana cewa babu, babu a nawa. A ƙasa ba za su gani ba, na san haka. Ni Yaya nake kallo. Ban lura da Anti ba sai da na ji kujerarta ta motsa. Ita ma ta buɗe wayarta, amma ba sunayen da ke kusa take dubawa ba, waɗanda wayar ta riƙe take dubawa. Ta daɗe a kan layi ɗaya. Ta kalle ni, ta kalli mijinta. Ta tashi ta hau matakala.

Muka ji takunta har sama, muka ji ƙofa, muka ji tana saukowa. Ta fito da rautar a hannu, igiya tana ja a ƙasa, har da ɗan kyallen da ta shimfiɗa mata ya maƙale a gindi. Ba ta ba Yaya ba, ba ta ba ni ba. Gaban mai gadi ta je ta durƙusa ta ajiye.

"Baba, ka yafe mini. A falona take, ina ta goge mata ƙura."

Babu wanda ya iya kallon wani. Nas ta kifa wayarta a cinya. Mutumin hawa na uku da ya fi kowa zafi ranar shari'a ya shiga gyaran maɗaurin agogonsa. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na gode mata.

Yaya ya tashi. Muryarsa ba ta fita sosai, amma an ji.

"Ba ruwanta. Ni na ɗauka, da mabuɗin da na ce ya ɓata. An sallame ni daga aiki, ban gaya wa kowa ba, kyamara kuma tana nuna ina dawowa." Ya juya ga matarsa, ta ƙi ɗagowa. "Baba ya san ina dawowa. Da ya faɗa, da tuni ya wanke kansa."

Wani ya yi gyaran murya ya ce to ai shi ke nan, magana ta ƙare, Baba ya mai da kayansa ɗaki, a manta. Mutane suka fara miƙewa da sauri, kowa yana son ya ga ya shige ɗakinsa. Mai gadi ya sunkuya zai ɗauki bokitin tukwane.

"Ajiye," in ji Inna.

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya tsaya.

"Da hannunka ka fito da su, da ƙafar nan taka, mutanen nan suna kallo ta taga. Ba kai za ka mai da su ba." Ta gyara zama a kan ƙunshinta. "Ni ba na gaggawa."

Mai gadi ya ce mata haba, ya isa. Ta yi kamar ba da ita yake ba. Ba ta kalli Yaya ba, ba ta kira sunan kowa ba.

Yaya ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Ya naɗe hannun rigar ofis, ya ɗauki bokitin, tukwane suna ƙara, ya shige da shi ɗakin bayan matakala. Ya dawo ya ɗauki ƙunshi, ya sake dawowa ya ɗauki wani. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya tafi. Da aka zo kan katifa ta fi ƙarfinsa, igiyar ta kwance, ta buɗe ta faɗi a ƙasa. Ya tsaya a kanta yana haki, gumi ya jiƙa masa baya.

Na je na kama ɗaya gefen. Bai dube ni ba.

"Ɗaga naki sama," ya ce. "Ƙofar tasu ƙarama ce."